Tabon da ke Gilashin Malam

Lauratu ta jira sai da ƙarar mashin ɗin mijinta, Malam Fa'izu, ta ɓace a layin Takur, sannan ta taka kujera ta sauko da akwatin na'urar hangen nesansa daga saman sif. Da ƙyar ta dire shi a kan tabarma. Hannunta duk ya yi fari da allin kashe tururuwa da aka zagaye wurin da shi.

Wata bakwai da aurensu, ba ta taɓa ganin na'urar hangen nesan nan ta fita daga ɗaki ba. Labarinta kawai take ji a bakin maƙwabta. A da, in Sha'aban ya kai ashirin da tara, Malam ne a gaba, abokansa malaman makaranta a baya, su hau dutse su kafa ta, a yi ta dakon jinjirin wata. Tun da aka yi masa rasuwa, shekara uku ke nan, ya daina. Shi ba ya tayar da zancen, ita kuma ba ta ga fuskar tambaya ba.

La'asar ce ke damunta. Kullum ya dawo daga makaranta sai ya shige ɗakin ya turo ƙofa. Ta taɓa leƙawa sau ɗaya: ya cire murfin, ya ƙura ido a kan babban gilashin na'urar, leɓensa na motsi. A irin lokacin gidan kan yi tsit, har ta riƙa jin kamar ba su biyu kaɗai ba ne a ciki. Tsoro take ji, gaskiya, tsoron kada bawan Allahn nan ya zauce a hannunta.

Ta cire murfin. Ga shi kuwa: tabo a gefen gilashin, ruwan ƙasa, bai fi ƙwayar gyaɗa ba, da wasu siraran layuka a cikinsa.

Fumfuna! Ai wannan aikinta ne. Shekararta shida a ɗakin gwajin jini tana goge gilasan na'ura, ta san in fumfuna ta zauna, cinye fatar gilashin take yi. Ashe abin da ke cin Malam ke nan. Kai, maza da zurfin ciki! Yana kallon abinsa yana lalacewa, ya kasa buɗe baki ya ce a taimaka. To, yau ashirin da tara ga Sha'aban. In ta ceto gilashin nan, wataƙila ta ceto mai shi.

Ba da bakin zani ake wannan aiki ba. Ta fara hure ƙurar da ɗan famfon roba, don tsakuwa ɗaya ƙarama ta isa ta bar ƙwarzanen da ba ya gyaruwa. Ta ɗiga sifirit, ruwan da suke goge gilasan na'ura da shi, a sabuwar auduga, ta mirgina ta sau ɗaya tak, ta ajiye. Ta ɗauki wata. Ta ɗauki ta uku. Tabon ko gezau.

Ta sunkuya dab da shi. Nan take tsigar jikinta ta tashi. Labulen ƙofa ya ɗaga ya koma, alhali ko ganye ba ya motsi a tsakar gida. Ta yi a'uziyya, ta waiwaya. Ba kowa.

Da ta sake dubawa da kyau sai ta yi ajiyar zuciya. Wannan ba fumfuna ba ce, wani abu ne mai zaƙi ya bushe a wurin, shi ya sa sifirit ya kasa. Ta yi tsaki. Wane mara hankali ne zai kusanci gilashi irin wannan da kayan zaƙi? Amma dai da sauƙi, zaƙi ruwa ne maganinsa.

Ta tsiyayi tataccen ruwan da ta zo da shi daga wurin aiki, ta sa ɗigon sabulu, ta jiƙa auduga ta ɗora a kan tabon. Ba ta goga ba, ta bar shi ya jiƙu. Da ta ɗaga, audugar ta taso da ruwan ƙasa-ƙasa. A karo na huɗu gilashin ya fito tas. Ta kai shi hasken taga, ta juya nan, ta juya can. Ko ƙwarzane babu.

Ta kafa na'urar a tsakar gida tana fuskantar yamma, ta yi wanka, ta zauna jira.

Bayan la'asar Malam Fa'izu ya dawo. Sallamarsa ta tsaya a rabi.

"Albishirinka, Malam," in ji Lauratu. "Yau da kai za a hau dutse."

Bai ko kalle ta ba. Ya wuce gaban na'urar, ya durƙusa, ya karkata kai dama, ya karkata hagu, ya tare haske da tafin hannu. Ya daɗe a haka.

"Ina audugar?" in ji shi.

"Na zuba a murhu, Malam. Haka muke yi da wadda aka yi aiki da ita."

Ya waiga ya dubi murhun, tukunya na tafasa a kai. Sai ya zauna daɓas a ƙasa, da fararen kayansa.

"Dabino take ci," ya ce, idonsa a kan gilashin. "Ta taɓa gilashin, na daka mata tsawa, ta ruga tana kuka, ban rarrashe ta ba. Bayan kwana biyu zazzaɓi ya ɗauke ta. Shatin yatsan 'yata Afra'u ne, Lauratu, shi nake ba haƙuri kullum."