Teburin Malam Abdussamad

Karo na tara ke nan Faruku yana ajiye takardunsa a kan teburin nan, kuma karo na tara Malam Abdussamad yana duba su ba tare da ya motsa daga kujerarsa ba.

"Ka dawo wani sati. Sakatare ya tahi Gusau."

Faruku manomi ne daga Birnin Tsaba. Injin niƙa ya cinye masa hannun dama a kasuwar Zurmi, shekarar da aka ƙirƙiro jiha. Daga baya aka sa sunansa cikin masu karɓar tallafin naƙasassu na wata-wata. Ba wani abin kirki ba ne, amma yana isa ya ɗauki 'yan ƙwadago su yi masa noman farko. Bara aka tsayar da biya, aka ce sai an sake tantance kowa a wani ofishi a Kaura Namoda.

Da farko hoto aka nema, ya kawo. Aka ce takardar likita, wadda za ta tabbatar har yanzu ba shi da hannu. Likitan ya yi dariya kafin ya sa hannu, Faruku bai yi ba. Aka ce takardar hakimi. Da ya kawo ta, sai aka ce ta likita ta wuce wata uku, ta mutu.

Kowace tafiya sai ya hau babur zuwa Zurmi, ya jira mota ta cika. Da hantsi yake isa Kaura, kafin la'asar kuma dole ya kama hanya. Buhun gero biyu suka ƙare a kuɗin mota. Damina ta sauka, matarsa Asiya ce ta shiga gona da fartanya, da cikin wata bakwai.

Ofishin ɗaki biyu ne. Na ciki kullum a kulle. Na waje yana warin fitsarin ɓera da tsohuwar takarda, fayil-fayil jibge a ƙasa, gara ta ci gindinsu. A tsakiya aka ajiye tebur, an rufe shi da koriyar leda har ƙasa. A bayansa Malam Abdussamad yake, da farar riga mai guga da biro biyu a aljihu. Ko da yaushe Faruku ya iso, nan yake tarar da shi, nan kuma yake barinsa.

Faruku ba ya hira da masu jira. Tun da aka ƙaddamar da Shari'a, mutane sukan dubi dungunsa, su dubi fuskarsa, su gyara aljihu. Sai ya koma can ƙarshen benci yana kallon mai teburin.

Ya ga ranar da wata tsohuwa makauniya ta yi tuntuɓe a bakin ƙofa, sandarta ta faɗi. Mutumin bai tashi ba, baki kawai ya sa: "A taimaka ma inna." Ya ga ranar da limamin wani ƙauye ya shigo, kowa ya miƙe, shi ko ya miƙa hannu daga zaune. Idan aka kira azahar, kasuwa ta watse, har mahauta su rufe nama su nufi masallaci, shi sai ya ce, "Ku tahi, ku iske ni nan." Wai a jihar Shari'a. Faruku yakan tofar da yawu duk lokacin da ya fita.

A tafiya ta goma, Malam Abdussamad ya daɗe yana juya takardun bai ɗago kai ba.

"An ƙaro wani sharaɗi," ya ce a hankali. "Duk mai hannu guda sai ya kawo takardar kotu, cewa ba hukunci aka yi mai ba."

Faruku ya je kotu. Magatakarda ya sa shi ya ɗaga dungun a gaban jama'a, ya yi rantsuwa cewa shi ba ɓarawo ba ne. Ranar bai iya cin tuwo ba.

Ya dawo Kaura da takardar ran Litinin. Ran Asabar ɗin da ta gabata Asiya ta yanke jiki ta faɗi a gona, ungozoma ta ce ta kwanta, kada ta sake ɗaukar fartanya. Ciyawa ta fara rufe gero.

Malam Abdussamad ya karɓi takardar, ya karanta har ƙasa, ya shafa ta da tafin hannu.

"Ta yi daidai. Sai dai Sakatare..."

"Fayil ɗina na can," Faruku ya nuna tarin da ke jikin bango. "Taku ukku ne. Tashi ka ɗauko."

"Ka yi haƙuri, ɗan'uwa."

"Tashi na ce! Wane irin mutum ne kai? Kana cin albashi da sunanmu, ko ƙahwa ba ka iya ɗagawa?"

Wani dattijo ya buɗe baki zai yi magana, amma Faruku ya riga ya kama gefen teburin da hannun hagu. Ya fizge shi. Takardu suka watse, ledar ta zame ƙasa.

Wandon Malam Abdussamad a ɗaure yake da zare a daidai gwiwa, duka biyun. Babu komai a ƙasan ɗaurin. Kusa da ƙafar kujera akwai wasu 'yan katako biyu masu mariƙi, sun yi sulɓi saboda tafiya da hannu.

Ya jawo rigarsa ya rufe, sannan ya dubi Faruku.

"Ni ba ma'aikaci ba ne, daga Galadi na zo da tawa takarda ta neman tallahi," ya ce. "Sakatare ya ga na iya karatu, ya ce in riƙe mai tebur har amsata ta hito. Yau shekara huɗu."