Sunan Ɗan Fari a Layi

Tun da aka kawo Layi, na'urar aike mai magana, garin Gumel aka daina neman ɗan aike. Ka faɗa wa akwatinsa da ke bakin kasuwa buƙatarka, shi zai jera ta, ya tura wa wanda zai isar.

Ranar Laraba Kuluwa ta kai ƙullin maganin shawara, don ɗanta na fari yana kwance a Haɗeja.

"Wa za a kai wa?" in ji akwatin.

"Wannan yaron."

"Babu suna. Aiki ya koma baya, za a sake gwadawa."

Asabe mai ƙosai ta tuntsire da dariya. "Yaya Kuluwa, ƙarfe kike yi wa alkunya? Faɗi mana!"

Shekara arba'in sunan bai taɓa fita daga bakinta ba. Ta leƙa ramin akwatin, ko akwai mai saurare a ciki. Sau uku layi yana zuwa kanta, tana kasawa. A na huɗu, tun ba ta buɗe baki ba, akwatin ya ce an karɓa.

Da la'asar ɗan ya bugo waya.

"Inna, magani ya iso, na kuma ji saƙon da akwatin ya turo da muryarki. Ashe haka sunana yake a bakinki."