Waliyyai Bakwai Masu Layi a Wuya

Su bakwai ne, waliyyan Kirista na katako, kowanne da ɗan siririn layi a wuyansa, kuma a kan wannan layin Dokta Tajuddeen ya ɗora rayuwarsa kacokan.

Wani attajiri ne ya ba jami'ar da Tajuddeen yake koyarwa a New York kyautarsu, aka ce daga wata tsohuwar majami'ar Faransa suka fito. Turawa masana suka zo suka yaba gemu, suka yaba naɗin riga, suka wuce. Sai Tajuddeen ɗan Kano ne ya duƙa da madubin ƙara girma ya ga an ja wa kowannensu layi daga gefe zuwa gefe, a tsanake, ba tsagewar katako ba. Aka kai ɓarɓashi ɗakin gwaji, sakamako ya ce itacen ya haura shekara ɗari bakwai. Tun daga ranar Tajuddeen ya koma amsa gaisuwa da ka.

Shekara shida ya yi a kansu, ya fito da littafi mai shafi ɗari uku da sha biyu. A ciki ya tono masassaƙin da tarihi ya manta, ya raɗa masa suna Gwanin Wuya. Wai wani mai gudun duniya ne na ƙarni na sha uku, layin kuma alamar shahada ce. Har ya gano cewa bawan Allah ya yi fama da ciwon zuciya, daga yadda yake sassaƙa gira.

Yau da ƙarfe huɗu zai gabatar da aikin a gaban kwamitin jami'a. In suka gamsu, kujerarsa ta zama ta dindindin. In ba su gamsu ba, kwangilarsa za ta ƙare a watan Yuni, takardun zama su bi ta. Matarsa Halima Sa'adiya ta riga ta sayi sabbin labule, 'ya'yansa mata biyu kuwa ko kuka za su yi da Turanci suke yi. Gaskiya yana jin tsoro.

Wata farfesa 'yar Jamus ce ta ƙara masa. Saƙonta layi ɗaya ne: me ya sa babu takardar da ta ambaci gumakan nan kafin 1987? Ya mayar mata da shafi biyar, ya ɗora laifin a kan yaƙi da gobara da ɓeraye. Duk da haka tambayar ta ci gaba da yi masa ciwo.

Saboda haka da ƙarfe biyu ya sulale ya nufi titin 125.

Nan sirrinsa yake. Mutumin da ya ƙware a kofunan zinariya na bishop-bishop, ransa na wurin kofin gilas mai tsaga a shagon Souley: shayi mai citta, burodi da ƙwai, yaji a gefe. Abokan aikinsa ba su sani ba, a gabansu ganye yake ci da cokali mai yatsu. Souley dattijo ne daga Maraɗi, ya yi 'yan shekaru a Faransa kafin ya tsallako. Shagon nasa benci biyu ne da ya haɗa da hannunsa, sumul babu ƙusa ko ɗaya, sai rediyo, sai kalandar 'yan kokawa da wani ya bi ya ɓata da biro. Shekara tara Tajuddeen yana zama a bencin nan, bai taɓa tambayar mai shi komai ba bayan, "Akwai madara?"

Kurɓa uku, duniya ta dawo daidai. Ƙwan ya soyu yadda yake so, gefensa ya ɗan ƙone. Daɗi ya ratsa shi har ya ji alheri ya taso masa, ya zaro kwafin littafin ya sa hannu, ya miƙa.

"Ga shi, Malam Souley. Karatun zai yi maka nauyi, amma akwai pictures."

Souley ya goge hannu a rigarsa ya karɓa da hannu biyu. Ya buɗe tsakiya, ya tsaya. Ya matsa bakin ƙofa inda haske yake, ya sa tabarau. Ya daɗe a kan waliyyi na huɗu, mai riƙe da mabuɗi, yana shafa hoton da babban yatsa.

"Dokta, bakwai ɗai suka ba ku?"

"Bakwai ne a duk duniya," in ji Tajuddeen yana murmushin tausayi.

"Bon. To layin ga na wuya, mi kuka ce shina nufi?"

Tajuddeen ya gyara zama. Ga dama ta gwada laccar kyauta. Minti goma ya yi yana zuba, daga shahada zuwa ciwon zuciya, har shayinsa ya huce. Souley yana ta gyaɗa kai, kafaɗunsa na rawa, daga baya ya cire tabarau yana share ido. Tajuddeen ya ji daɗi ƙwarai: in mai shayi ya yi hawaye, ina ga kwamiti?

Ya duba agogo, uku da kwata. Ya miƙe, ya gyara nektai, ya ɗauki jaka.

"Sha biyu ne, Dokta," in ji Souley, da ƙyar maganar ke fita don dariya. "Patron namu, maigidanmu a Lyon ta Faransa, shina sayen tsoffin katakan rufin coci, ni in sassaƙa. Layin kau, malamina na Maraɗi ne ya ce in dole ta sa na yi siffar mutum, in yanke mishi wuya, kar ranar lahira a ce in hura mishi rai."