Ragon Kawu Tanko

Tun da aka fara rabon iska ta famfo, kowane gida da kasonsa, baƙo kuwa ba a lissafa shi. Ga kawun Ilu yana tafe, huhunsa ya daɗe da lalacewa.

Saude ta toshe tagogi, ta ɓoye kaskon turare. Mijinta Ilu ya duba ma'aunin iska da ke jikin bango ya ce, "Ba za ta ishe mu ba."

"Ragon nan ma shaƙa yake yi," in ji ta, tana kallon ragonsu da ke ɗaure a cikin gidan.

Da azahar Kawu Tanko ya iso yana haki. Da ya ga nama, sai idonsa ya kawo ƙwalla.

"Har da yanka mini rago? Allah ya yi muku albarka. Ai a nan zan yi azumi."

Saude ta ce amin, idonta na bin sauran masu numfashi a gidan.