Gwate Ko Ƙashi Babu

Ƙafa ta mutu, ido ya dushe, amma hancin Mama Emilia bai tsufa ba. Daga gadon da take kwance tun farkon damina, tana iya gaya maka abin da ke kan kowane murhu a layinsu na Kafanchan, har da sunan wadda ta ƙona albasa. A bakin wuta ta ƙare ƙuruciyarta. Ba a taɓa ɗaura aure a cocinsu ba cincin ɗinta ba ya kan tebur.

Ran Asabar ɗin nan hancin ya ce mata akwai magana.

Asabar a gidan nan ƙamshin riɗi ne. Clara, matar ɗanta, kan soya shi ta daka, ta haɗa da wake da manja, saboda Meshak. Shi kaɗai Mama ta haifa ya tsaya. Yana koyarwa a Fadan Kagoma, ƙarshen mako ya taho a kan Hondar da ya saya da kuɗin ƙarin albashin Udoji, ya zauna bakin gadonta su ci a kwano ɗaya, yana tsokanarta wai gishiri ya fi ƙarfin haƙoranta.

Yau babu riɗi. Hayaƙin ɗanyen itace ne, mai yawa, ba na murhu ɗaya ba. Ta ji ana jan manyan tukwanen Zumuntar Mata ta cocinsu a ƙasa. Ta ji ana sauke bencinan coci. Tsakar gida cike da mata, ba mai dariya. Matan Zumunta kuwa in suka taru ba dariya, ka nemi dalili.

Magdalene maƙwabciyarsu ce ta shigo da kunu.

"Ina Clara?"

"Tana fama da baƙi, Mama."

"Baƙin wa? Me ya sami idonki?"

"Hayaƙi ne."

Ta ajiye kofin ta fice kamar an kore ta.

Bayanta Fasto ya shigo. Ya riƙe hannun Mama ya yi addu'a doguwa, yana roƙon Ubangiji ya ba baiwarsa ƙarfi don abin da ke gabanta. Har ya fita bai dubi fuskarta ba.

To, Mama ba yarinya ba ce. Ta haɗa ɗaya da ɗaya: likita ya gaya musu abin da bai gaya mata ba. Sun cire rai da ita, sun soma hidima tun numfashi bai fita ba.

Mutuwar ba ta dame ta ba. Ta ci zamaninta, ta kuma yi shiri. Ga akuya ɗaure a bayan ɗaki, ga garwar man gyaɗa da buhun fulawa a ƙarƙashin gadon da take kai. Jana'izar tsohuwa biki ce: shinkafa da nama, ganga, jikoki na rawa, cincin a manyan faranti. Ta sha nuna wa Clara girman yankan da take so, daidai kan ɗan yatsa, kada a yi mata irin na 'yan tasha.

Sai ta kwanta tana jiran ƙamshin mai.

Jirgin ƙasa na rana ya yi kuka ya wuce, mai bai hau wuta ba. Ba wanda ya zo ɗaukar fulawa. Akuyar ma tana ta kukanta lafiya lau. Abin da ya shigo ta taga shi ne tsamin yakuwa da ɗacin gauta, sai tururin acca. Gwate. Ta ƙara jan hanci, ko za ta ji ƙashi a ciki. Babu.

Nan zuciyarta ta tashi. Ita da ta tsaya kan kasko ta sallami tsofaffin garin nan da mutunci, ita za a sallama da gwate tsura? Mutane su taho daga Kagoro da Zonkwa, su koma suna cewa Emilia mai cincin, da ruwan yakuwa aka binne ta? Aikin Clara ne wannan. Yarinyar ta sa wa akuyar ido, tana so ta kai Kirsimeti.

Ta lalubo sandarta. Ƙafar da ta mutu ta ja ta a ƙasa kamar buhu, tana bin bango, tana hutawa, gumi na zuba, har ta kai bakin ƙofa ta ture labule.

Muciya ta tsaya a tukunya. Mata suka daskare. A gindin mangwaro maza na zaune cikin kwat, huluna a gwiwa. Baba Kumai, ƙanen mijinta marigayi, ya miƙe.

"Ban mutu ba tukuna," in ji Mama, "amma tunda kun fara, ku yi shi daidai. A kwance akuyar nan a yanka. Magdalene, shiga ki jawo fulawa. Ni ba a binne ni da gwate."

Ba wadda ta motsa.

"Kun kurumce ne? To, bari Meshak ya iso. Shi zai gaya muku ko uwar wa ake yi wa wannan rowa."

Wata daga baya ta toshe baki da bakin zane.

"Matar yayana," in ji Kumai a hankali, "koma ciki ki zauna. Dama yanzu muke shirin shigowa wurinki, ni da dattawa."

"Ku shigo ku ce mini me?"

Ya kau da kai. Ta bi idonsa zuwa ƙofar falo. Clara na zaune a ƙasa kan tabarma, ƙafa miƙe, kai ba ɗankwali, mata biyu na riƙe da kafaɗunta.

Mama ta juyo ta dubi tukunyar da ke tafasa. Ita kanta ta sha tuƙa irinta a gidajen mutane, shiru, ba mai, ba nama, ba ganga. Sai a lokacin ta tuna wa ake dafa wa irin wannan gwate a garin nan: wanda ya riga uwarsa tafiya.