Tsokar da Za a Kai Parakou

Kwalbar tana nan bayan randa inda ta ɓoye ta, amma babu komai a ciki.

Jiya likitan Djougou ya yanko 'yar tsoka daga ƙullutun da ya fito mata a nonon hagu, ya jefa cikin ruwan magani a kwalbar, ya miƙa mata. Ya ce ta kai asibitin garin Parakou da hannunta. Can za a duba ko sankara ce, a kuma nemi wata alama a jikin tsokar, ko za a gane saurin yaɗuwarta. Ya ja mata kunne cewa in ta ɓace sai an sake yanka, ciwon kuwa ba ya jira.

Mai babur ɗin da zai kai ta tasha yana ta danna oda a ƙofar gida.

"Inna, wa ya taɓa min kwalba?"

Uwar ba ta ɗago daga tsintar shinkafa ba.

"Ni ce. Naman Musulma za ki saka a taksi kamar kayan mahauta? Mu da ko farce binnewa muke yi? Na wanke shi, na naɗe a farin ƙyalle."

"A ina, Inna?"

"Gindin mangwaro, kusa da cibiyarki."

Ta ruga gindin mangwaron. Tudun bai fi tafin hannu ba, ƙasarsa da sauran danshi. A zuriyarsu ba a taɓa tone kabari ba. Ta durƙusa, ta fara tone nata.