Kwana Casa'in

Tun shekarar da zazzaɓin fadama ya fara ɓarar da cikin mata, aka kafa doka: ba a yin allurar rigakafi sai ga wadda ta bayyana cikinta kafin kwana casa'in. Na'urar ƙofar asibiti ce ke shelanta sunan mace, kowa na ji.

Barira kuwa cikin fari ne da ita. Sau uku tana zuwa, sai ta hango surukarta na suyar ƙosai a tsallaken titi, ta juya. Ina ita ina a kira sunanta a gaban uwar miji?

Yau ta cije ta ɗora tafin hannunta a kan na'urar. Na'urar ba ta ce uffan ba, sai jar fitila.

Malamar asibiti ta leƙo. "Kwana casa'in da huɗu. Ƙanwata, ina kika shige?"

"Kunya ce, Malama. Ki taimaka mini."

"Akwatin allurar ba ya buɗuwa sai da izinin na'urar. Ni ma ba ni da mabuɗi."

Barira ta tsallaka ta durƙusa gaida surukarta. Tsohuwar ta ce ƙasa-ƙasa, "Tuntuni na gane, 'yar nan, nauyinki na ji. An dai yi miki ko?"

"An yi, Inna."